Darasi na 9: Ruwan Sharada da Bompai, da Yadda Halittu Ke Sake Zama da Juna

Abin da darasin ya ƙunsa

A ƙarshen wannan darasi ana son mai karatu ya iya bayyana yadda tsirrai da dabbobi da mutane suka dogara da juna, ya gane abin da ke faruwa da wannan dangantaka idan ruwa ya gurɓace ko yanayi ya sauya, kuma ya iya kawo misalai daga unguwarsa ko gonarsa.

Inda ruwan yake tafiya

Kano na da manyan unguwannin masana'antu guda uku. Bompai ce mafi daɗewa, tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka keɓe ta a arewa maso gabashin birni. Daga baya, da harkar masana'antu ta bunƙasa, aka buɗe Sharada a kudu maso yamma, aka kuma buɗe Challawa a wajen Panshekara, cikin Ƙaramar Hukumar Kumbotso. A waɗannan wurare ne kamfanonin jima da masaƙu da masu yin roba da sabulu da kayan abinci suka kafa injinansu.

Kowace masana'anta tana shan ruwa, tana kuma fitar da dagwalo. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, wadda ta riga ta ɗauko ƙazantar cikin birni da ta Sabon Gari da ta abbatuwa, su tafi tare har madatsar Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir. Na Sharada yana bin rafin Salanta ya gangara kudu zuwa kogin Challawa, inda dagwalon unguwar Challawa ma yake zuba. A wajen Tamburawa kogin Challawa ya haɗu da kogin Kano, suka zama kogin Haɗeja, wanda ya ratsa Wudil, ya shiga Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, ragowarsa ta bi Gashuwa ta nufi Tafkin Chadi.

Duk tsawon wannan hanya akwai masu rai: kifi, kwaɗi, ƙwari, tsuntsaye, ciyawa, shanu, masunta da masu lambu. Darasin nan zai bi ruwan ne don a ga yadda zaman waɗannan halittu ya sauya.

Wa ke cin wa, wa ke taimakon wa

Babu halittar da ke rayuwa ita kaɗai. A tafki mai lafiya, gansakuka da ƙananan tsirran ruwa suna amfani da hasken rana su haɗa abinci. Ƙananan ƙwari da 'ya'yan kwaɗi suna cin su. Karfasa da kawara suna cin tsirran da ƙwarin, tsage da giwan ruwa suna cin ƙananan kifaye, zalɓe da guza da masunci suna ɗauka daga sama. Abin da ya mutu kuwa, ƙwayoyin bakteriya ne ke narkar da shi ya koma taki. Wani masani ɗan Ingila, Charles Elton, shi ne ya tsara wannan ilimi a littafinsa na 1927, ya nuna cewa kowace halitta tana da gurbinta a jerin ci da ciyarwa.

Ba cin juna kaɗai ba ne. Carki yana cire wa saniya kaska, shi ya ƙoshi, ita ta huta. Ƙudan zuma yana shan ruwan fure, yana barbarar da shi. Furen kuka da na ɗorawa da na rimi da dare suke buɗewa, jemage ne babban mai yi musu barbara. Inda jemagu suka ƙaura, 'ya'yan kuka da kalwa sukan ragu. Akwai kuma masu rayuwa a jikin wasu, kamar wuta-wuta a saiwar dawa da gero.

Idan aka zana duk waɗannan alaƙoƙi a takarda, abin da zai fito ya yi kama da ragar masunci: kowane ƙulli halitta ce, kowane zare alaƙa ce. Wani zaren in ya tsinke ragar ba ta ji ba, wani ƙullin kuwa in ya warware sai gefe guda ya zube. A shekarun 1960 wani masani a Amurka, Robert Paine, ya gwada haka a gaɓar teku a jihar Washington. Ya riƙa kwashe wata dabbar teku mai siffar tauraro daga wani yanki na duwatsu. Da babu mai cin su, sai wasu halittu masu ɓawo suka mamaye wurin, nau'o'in da ke zaune a nan suka ragu daga 15 zuwa 8.

Abin da dagwalo ke yi wa kogi

Jima tsohuwar sana'a ce a Kano. Majeman gargajiya suna aiki da toka da bagaruwa, marinan Ƙofar Mata kuma da baba da toka, kuma duk waɗannan abubuwa ne da ƙasa ke iya narkarwa. Jimar zamani ta bambanta. Fata tana zuwa da gishiri mai yawa. Ana cire gashi da farar ƙasa da wani sinadari mai farar wuta, wanda shi ne ke ba da warin ruɓaɓɓen ƙwai da duk wanda ya bi ta gefen magudanan Challawa ya sani. Sannan a jeme ta da sinadarin kuromiyam. Masaƙu kuwa suna zubar da ruwan rini da soda.

Ɓarna ta farko ba ta guba ba ce, ta shaƙewa ce. Gashi da kitse da guntayen nama da ke cikin dagwalo abinci ne ga bakteriya. Suna samun shi sai su hayayyafa, su shanye iskar oksijin da ke narke a cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa da ita. Ruwan rini kuma yana tare hasken rana, tsirran da ke ƙasa su kasa samar da sabuwar iska. Zafi yana ƙara tsananta abin, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: a ma'aunin zafi 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a ma'auni 30 kuwa kusan 7 da rabi. Shi ya sa bazara ta fi kowane lokaci muni, ruwan kogi ya ja baya, rana ta yi zafi, dagwalo kuwa bai ragu ba.

Waɗanda ke fara ɓacewa su ne masu buƙatar ruwa mai iska: tsage, giwan ruwa, kawara, da tsutsotsin wasu ƙwari masu laushin jiki. Amma kogin ba ya zama kango. Wasu ne ke gaje wurin.

Masu jurewa

Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iska kai tsaye daga sama, don haka takan rayu a ruwan da karfasa ma take galabaita. Gaiwa tana da huhu, tana iya binne kanta a laka ta jira damina. A ƙasan magudana akwai wasu jajayen tsutsotsi da jininsu ke kama ɗan abin da ya rage na iska. Akwai ma bakteriyar da ke iya zama cikin kuromiyam, wasu har suna juya nau'insa mafi guba zuwa wanda bai kai shi illa ba.

Wanda ya fi kowa cin riba shi ne sauro. Tsutsarsa ba ta damu da iskar cikin ruwa ba, tana leƙo da wani ɗan bututu sama ta shaƙa. A tafki mai lafiya ƙananan kifaye da tsutsar mazari suna cinye mafi yawanta kafin ta yi fiffike. A kwatar da kifi da mazari suka mutu, babu mai taɓa ta. Sauron da ake kira Kuleks, mai kukan dare a kunne, a irin wannan ruwa ya fi haihuwa. Anofilis mai kawo zazzaɓin cizon sauro an san shi da son ruwa mai tsabta, amma bincike a birane kamar Legas da Yawunde da Duwala ya nuna yana sabawa da gurɓataccen ruwa, yana kuma ƙara jure maganin feshi. A 2020 an gano wani sabon nau'insa ɗan Asiya a Jihar Gombe, wanda ya ƙware da haihuwa a tankuna da randunan cikin gari.

Wani lokacin sauyin har cikin jini yake shiga, ya bi zuriya. A 1848 aka fara ganin baƙin nau'in wani malam-buɗe-littafi na dare a birnin Manchester na Ingila. Asalinsa fari ne mai ɗigo-ɗigo, yana sajewa da ɓawon itace. Da hayaƙin masana'antu ya baƙanta itatuwa, sai tsuntsaye suka riƙa hango fararen suna cinyewa, baƙaƙen suna tsira. Zuwa 1895 kusan kashi 98 cikin 100 na waɗanda ke birnin baƙaƙe ne. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 hayaƙi ya ragu, fararen suka dawo.

Belbela ba ta sauya launi ba, sana'a ta ƙara. An san ta da bin shanu tana kama farar da suka tayar. Yau ana ganinta a bola da bakin kwata da mahauta tana tsintar tsutsa, tare da hankaka da shirwa. Ƙa'idar da masana suka gano ke nan a ko'ina: idan muhalli ya rikice, mai cin komai da zama ko'ina shi ke yaɗuwa, wanda ya dogara da abinci ɗaya ko wuri ɗaya shi ke tafiya. Halittu suna nan, amma nau'insu ya ragu, alaƙoƙin da ke tsakaninsu sun taƙaita.

Lambun bakin Jakara

Mutum ma yana cikin ragar. Da rani, a gefen Jakara da Getsi, daga Nomansland da Kwakwaci har zuwa Wasai, za a ga lambuna kore shar: latas, alayyafo, kabeji, karas, albasa, yakuwa. Masu lambu suna jan ruwan rafin da inji domin ba ya ƙafewa, kuma yana ɗauke da taki kyauta. Da wannan sana'a iyalai da yawa suke ci, da ita kuma kasuwannin birni suke samun ganye.

Sai dai ruwan yana ɗauke da ƙarafa masu guba, kuma su ba sa ruɓewa. Bincike daban-daban da malaman Jami'ar Bayero da na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi ya sha gano kuromiyam da dalma da kadmiyam a ruwan waɗannan rafuka da lakarsu da ƙasar lambunan, a wurare da dama fiye da ƙa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyam a ruwan sha miligiram 0.05 a lita ɗaya, dalma kuwa 0.01. Ganyaye masu faɗi irin su alayyafo da latas sun fi saurin zuƙar kadmiyam. Kifin da ke kiwo a laka yana tara ƙarfe a hantarsa da ƙodarsa. Saniyar da ta ci ciyawar bakin rafi ta sha ruwansa ita ma tana ɗauka. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kadmiyam yana lalata ƙoda sannu a hankali. Wanke ganye yana fitar da ƙasa da ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da ƙarfen da ya riga ya shiga jikin tsiron.

Daga ƙarshen shekarun 1990 masaƙu da yawa sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar yadin waje. Ruwan rini ya ragu, amma kamfanonin roba sun ƙaru, leda ta cika gari. Ita ce ke toshe lambatu ruwa ya kwanta sauro ya samu gida, ita ce kuma mahauta ke cirowa dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu da tumaki.

Ina ungulu ta tafi?

Dattawan Kano sun san lokacin da ungulu ke cika rufin mahauta da rassan rimi da kuka. Yau yaro zai girma a birni bai taɓa ganinta ba. A 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya ta sa ungulun gari, wadda aka saba gani a Afirka ta Yamma, cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Dalilan sun haɗa da kama ta don sayar da sassan jikinta a kasuwar magani, da gubar da ake sa wa mushe, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kai. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka in aka rage ta ba ta saurin dawowa.

Aikinta ba na raini ba ne. Taron ungulu yana share mushe cikin ɗan lokaci, kuma ruwan cikinta yana da ƙarfin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Inda babu ita, mushe yana daɗewa, ƙuda da ɓera da karnukan bola su gaje aikin, su kuwa suna shiga gidaje.

Indiya ta ga ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. Duk ungulun da ta ci naman saniyar da aka yi wa allurar, ƙodarta sai ta lalace. Cikin shekara goma sha wani abu fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulun ƙasar suka mutu. Karnukan titi suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace da mushe. Gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Wani nazari da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Kachalla da jan-baki

Ba dagwalo kaɗai ke sauya kogi ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala ta Challawa a wajen Ƙaraye a 1992. Da su Kano ta samu ruwan sha da noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure. Amma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, labarin ya bambanta.

A da, kogi yakan cika da damina ya malale fadama, kifi ya bi ruwan ya yi ƙwai a cikin ciyawa, manomi ya shuka shinkafa. Da rani ruwa ya janye, a yi noman ƙasa mai danshi, Fulani su shigo da shanu. Ƙafewar rani ita ce ke hana ciyawar kachalla yaɗuwa. Da aka fara sakin ruwa daga madatsu kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ambaliyar damina ta ragu, hanyoyin ruwa kuma suka daina bushewa. Kachalla ta samu abin da take so. Ta tare laka, laka ta toshe hanya, ruwa ya karkata ya kwanta a gonakin wasu, wasu kuma ya daina isa gare su. Masunci ya rasa inda zai jefa raga, kwale-kwale ya rasa hanya.

Dajin kachalla ya zama masaukin tsuntsun jan-baki, wanda ke tashi dubbai ya sauka a gonar shinkafa da gero da dawa. Ya zama maɓoyar sauro da dodon-koɗi mai ɗauke da cutar tsargiya. Babu wanda ya gina Tiga don kiwon jan-baki, amma zaren ya bi daga madatsa zuwa ciyawa, daga ciyawa zuwa tsuntsu, daga tsuntsu zuwa rumbun manomi.

Idan lokaci ya saɓa

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da duniya ke ƙara zafi, fiye da maki ɗaya a ma'auni idan aka kwatanta da ƙarshen ƙarni na 19. Halittu da yawa da lokaci suke aiki. Shamuwa tana zuwa da farkon damina, daidai lokacin da fara da tsutsa ke fitowa, ta yi sheƙa ta ciyar da 'ya'yanta, manomi ya samu sauƙin ƙwari. In ruwa ya makara ko ya ɗauke bayan shuka, lissafin kowa sai ya rikice.

Fadamun Haɗeja da Nguru masauki ne na tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai duk shekara, shi ya sa a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Abin da ya faru a nan yakan bayyana a can. Lokacin da farin Sahel ya fara a 1968, masu ƙidayar tsuntsaye a Birtaniya sun tarar a bazarar 1969 cewa wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. Wannan farin da na farkon shekarun 1980 sun taimaka wajen janyewar Tafkin Chadi daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka.

Wani tsuntsun mai kama ƙwari, da ke yin hunturu a Afirka ta Yamma ya koma Holan ya yi ƙwai, matsalarsa ta lokaci ce zalla. Ɗumi ya sa itatuwan can suna toho da wuri, tsutsar da yake ciyar da 'ya'yansa da ita tana fitowa da wuri, shi kuwa yana nan Afirka bai sani ba. Wani nazari na 2006 ya nuna cewa a dazuzzukan da tsutsar ta fi saurin fitowa, tsuntsun ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 a shekara 20.

Baƙin da suka zauna

Fatauci da sufuri suna kawo sababbin halittu. Darbejiya 'yar Indiya ce, a 1928 aka fara dasa ta a Borno. Ta jure fari, ta ba da inuwa da magani, jemagu da tsuntsaye suka karɓi 'ya'yanta suna yaɗa irin. Yau ita ce ta cika titunan Bompai da Nasarawa, yayin da rimi da ɗorawa da kanya ke raguwa.

Wani baƙon bai zo da alheri ba. Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon asalinta Kudancin Amurka ne. Ta shiga Sifaniya a 2006, ta ratso Afirka, a 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har Gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ta zo ba tare da maƙiyanta na gida ba, ta tarar da fili shimfiɗe da amfani iri ɗaya. Yawan feshi kuma ya kashe gizo-gizo da ƙananan zanzaro da za su iya rage ta, ita kuwa tana ɓoye a cikin ganye, ta kuma saba da maganin.

Abin da ake iya gyarawa

Sanin alaƙar halittu yana ba da magani mai araha. Bayan farin shekarun 1970 tsutsar murzuna ta addabi zangarniyar gero a Sahel. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi, cikin Nijar, suna kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke sa ƙwansa a jikin tsutsar ya kashe ta. Ana raba shi ga ƙauyuka a cikin ƙananan buhunan algarara, a rataye kusa da gona, ya fita ya yi aikinsa ba tare da feshi ba. A jihar Maraɗin dai, tun daga 1983 manoma suka rungumi dabarar barin kututturen itace ya tofo a gona maimakon a tumɓuke shi. An ƙiyasta cewa a Nijar an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi da ƙudan zuma.

Kachalla ma tana da amfani idan aka ajiye ta inda ya dace. A ƙasashe da dama ana haƙa tafkuna a dasa ta, a bi da dagwalo ta cikinta, saiwarta da bakteriyar da ke jikinta su tace wani ɓangare na ƙazantar. Kuromiyam kuwa ana iya tsamo shi daga ruwan jima a sake aiki da shi, kamfani ya rage kashe kuɗi.

Doka ma tana nan. An kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman ga masaƙu da kamfanonin fata, waɗanda suka wajabta tace dagwalo kafin a sake shi. Mazauna unguwa suna da ikon kai ƙorafi ga wannan hukuma ko ga Ma'aikatar Muhalli ta jiha, ta hannun mai unguwa ko ƙungiyarsu.

Tambayoyi

1. Bi hanyar dagwalon Sharada daga rafin Salanta har zuwa Nguru, ka ambaci garuruwa uku da ruwan ya ratsa.
2. Me ya sa tarwaɗa da sauro suke rayuwa a ruwan da tsage ba ya iya zama?
3. Wane aiki ungulu ke yi wa gari, kuma su wa ke gadon aikin idan ta ɓace?
4. Bayyana yadda gina madatsa a Kano ya shafi manomin shinkafa a Haɗeja.
5. Me ya sa yawan feshi wani lokacin yake ƙara wa ƙwari ƙarfi?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya zauna da dattijo ko dattijuwa ɗaya a unguwarsu, ya rubuta sunayen kifaye da tsuntsaye da itatuwa biyar da aka saba gani a da amma yanzu sun yi wuya, da biyar da suka ƙaru. A gaban kowane suna a rubuta abin da halittar ke ci da abin da ke cin ta. A zo da takardar aji mako mai zuwa, za a haɗa su a allo a zana ragar unguwa.